Katin bikin Bahaushe da 'yar Bajju: ɗaya za a buga ko biyu?

Hajiya, na ga tambayarki: ƙaninki zai auri yarinya Kirista 'yar Zonkwa, kuna neman yadda za a rubuta katin gayyata ba tare da wani ɓangare ya ji an taka shi ba, kuma kina tunanin ko a buga kati biyu. Allah ya sanya alheri. Aikin tsara kati nake yi a nan Kaduna shekaru da yawa, irin wannan aure kuwa ya sha zuwa teburina.

Ni dai kati ɗaya nake ba da shawara. A garin nan kati ba ya ɓuya. Wanda kuka raba a Tudun Wada, kafin magariba hotonsa ya tsallaka gadar kogin Kaduna ya isa Sabon Tasha ta WhatsApp. In dangin amarya suka ga akwai wani katin da babu sunan cocinsu a ciki, za su ce ana jin kunyarsu ne, kuma ba su yi ƙarya ba.

Abin da na lura, rigimar kati ba kasafai take tasowa daga addini ba. Daga suna take tasowa. Kada ki zauna a ɗaki ki rubuta wa mutane sunan ƙabilarsu yadda kika saba ji. Mutanen Zonkwa Bajju suke kiran kansu, da yawansu ba sa son a ce musu Kaje. Haka Atyap da muke cewa Kataf, da Ham da muke cewa Jaba. A tura mutum takanas wajen mahaifin amarya, ya rubuta sunansa da muƙaminsa da hannunsa, ko Fasto ne ko Mista ko mai sarauta. A gidansu an saba saka sunan uwa a gefen na uba. Mu kuwa iyayen maza kaɗai muke jerawa, mu ce "iyalan Alhaji wane". To, kowane gida a bar shi da salonsa, amma girman rubutun ya zama daidai. Na taɓa ganin dattijo ya ɗauko rula yana auna haruffa, wallahi.

Sai maganar Bisimillah. Wasu kan so a buga ta da Larabci a sama, ɗaya ɓangaren su ce to a sa ayar Baibul. Ni nakan tuna musu inda kati yake ƙarewa bayan biki: ƙasa, ko a ƙulla gyaɗa a ciki. Da na faɗi haka, malamai da fastoci duka sukan yarda a rubuta "Da sunan Allah" da Hausa kawai. Kiristocin da ke ibada da Hausa ma Allah suke cewa, babu wanda kalmar ta bari a waje.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ne suka taɓa kunyata ni. Na tsara kati 300 a manhajar zane ta CorelDraw, na kai wurin bugawa, ashe salon rubutun da ke kwamfutarsu ba shi da ƙ. Yaron wurin ya gyara da kansa, aka buga "Manyan Baki" a maimakon "Manyan Baƙi", ga sunayen surukai jere a ƙasa. Daga aljihuna na sake bugawa. Tun daga ranar PDF nake kaiwa, wato fayil ɗin da haruffansa ba sa sauyawa a wata kwamfutar, kuma sai an buga guda ɗaya iyalan biyu sun karanta kafin a saki inji.

Idan za su je rajista, kada a buga rana tukuna. Dokar aure ta tanadi a liƙa sanarwa ta kwana 21 kafin a ɗaura, kuma auren rajista na mace ɗaya ne. Gara ƙanin naki ya san wannan tun yanzu. Kwanan watan Musulunci ma a yi hattara, tunda ganin wata kan matsar da shi da kwana ɗaya. Ki sa ranar mako da kwanan watan Bature su fito ɓaro-ɓaro.

A jadawalin biki, ƙara layi guda a ƙarƙashin kamu da sa lalle da buɗar kai, a bayyana mene ne kuma su wa ake gayyata. Gwaggon amarya ba ta san ɗaurin aure taron maza ne na minti kaɗan a masallaci ba. Za ta ci ado ta taho daga Kafanchan ta tarar an watse. Mu ma namu ba su san yadda zaman coci yake ba. In ɗaya taron yana Unguwar Rimi ɗaya yana Narayi, a ba da tazara mai kyau saboda cunkoson gada.

Tsofaffi da makafi kuwa, a naɗa musu gayyatar da murya a waya, ɗaya da Hausa ɗaya da Jju, yaren Bajju. Amaryar ce ya kamata ta naɗa ta Jju ɗin da bakinta.