Alhaji, kar ka kwance ridin nan tukuna

Wani Alhaji mai sayen ridi daga wani ƙauye a yankin Gumel ya turo min tambaya, wai ɗansa ya ga talla a Facebook ta makarantar koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta da waya, ta wata shida, an ce masa da ya gama zai fara karɓar albashi da dala yana zaune a ɗaki, shine yake tambaya ko ya sayar da ridin da ya ajiye ya biya masa kuɗin makarantar da na laftof.

Toh Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka taɓa buhu ko ɗaya. Wallahi ina son yaran mu su koyi abin nan, amma kasuwar ta sauya. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta masu Facebook ɗin sun sallami mutum 11,000, a Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, kuma da yawansu gogaggu ne da suka shekara suna aikin, yanzu da su ɗan wata shida zai shiga layi ɗaya. Kai kanka ranar kasuwar Maigatari in ka samu tsohon mai awo da yaron da jiya ya fara riƙe kwano, wa zaka bari a kan kayanka? Ko a nan Afirka, a 2019 Andela, kamfanin da a lokacin ke horar da masu kodin yana sama musu aikin kamfanonin waje, ta sallami ƙananan masu kodin kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, tace masu ba ta aiki gogaggu suke nema. Ga kuma ChatGPT da ire-irensa, manhajojin da ke rubutu har da kodin da kansu in an umarce su, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su yanzu inji na yi cikin minti kaɗan.

Don haka kar ka taɓa jari. Daga riba ka saya masa laftof na hannu mai batir mai kyau, tunda kasan yanayin wuta a wajenku, ka riƙa sa masa data, ya fara da freeCodeCamp, shafin koyon kodin a intanet, kyauta ne, ya kuma sa ido kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koyar da fasahar kwamfuta, da aka fara a 2023, shima ba a biya. Ka bashi wata uku, sannan ka ɗauko littafin bashinka ɗin nan da ya sha hannu kace ya haɗa maka abin da zai nuna maka a waya buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa kake bi. In ya iya, kuma ka ga har dare yana kai ba tare da an matsa masa ba, a lokacin sai mu yi maganar makarantar kuɗi.

In ma kun je can, kar takardar shaida ta burge ka. Kace su haɗa ka da ɗalibai uku da suka gama bara, ka kira su da kanka ka tambaye su ina suke aiki, kuma wata nawa suka yi kafin kuɗin farko ya shigo musu.