Amsar tambayar Anti kan tiram mai lamba 28

Assalamu alaikum 'yan gida. Anti, ina wuni. Na ga saƙonki tun jiya, kina tambaya wai in kun sauka Lisbon, babban birnin Portugal, ko ku hau tiram ɗin nan mai ruwan ɗorawa, lamba 28, ko kuwa zuzutawar masu ɗaukar hoto ce kawai. Rubutun zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, ki hau. Amma fa akwai yadda ake hawansa, in ba haka ba ki sha wuya a banza.

Shi dai tarago ɗaya ne tal, ɗan ƙarami, yana bin dogo a tsakiyar titi, yana jan lantarki daga wayar da ke samansa. Cikinsa katako ne, kujerun ba su wuce ashirin ba, sauran jama'a sai tsayuwa. Gangar jikin tun wajen 1930 da wani abu aka ƙera ta, injin ne aka sabunta daga baya. Garin kuwa tun 1901 yake da tiram na lantarki. Da farko na ɗauka don 'yan yawon buɗe ido aka bar tsofaffin. Ashe ba haka ba ne. Suna da sababbi dogaye, irin wanda ke zuwa Belém, lamba 15, amma waɗannan ba za su iya shan kwanar tsohuwar unguwar Alfama ba, ko kusa.

Yauwa, Alfama ɗin nan ita ce dalilin hawan ma. Sunan daga Larabci yake, al-hamma, wato wurin ruwan ɗumi, don Musulmi sun riƙe garin har 1147. Da girgizar ƙasa ta 1755 ta rusa tsakiyar gari, sai aka sake gina Baixa, wato tsakiyar garin, da tituna miƙaƙƙu, ita kuwa Alfama ta tsira da lungunanta yadda suke, a murɗe, a kan tudu. Cikin waɗannan lungunan aka cusa dogo. Wallahi Anti, akwai inda muka wuce, da na miƙa hannu ta taga sai na taɓa bangon gidan mutane. Wata tsohuwa ta manne a bakin ƙofarta da ledar cefane, ko kallonmu ba ta yi ba, ta saba. Ƙafafun ƙarfen suna ƙara ƙiiii a kan kwana, direba yana ta kaɗa ƙararrawa. In ya kama gangara kuwa, riƙe ƙarfe da kyau, birkinsa ba ya sallama.

Af, kuma wani ya ajiye motarsa ta ɗan hau kan dogo, muka tsaya cak har ya fito daga shago yana ɗaga hannu. Tiram dai ba ya kaucewa. Saboda haka kar ki sa shi a ranar da kike sauri.

Yanzu ga dabarar. Kowa dandalin Martim Moniz, ƙarshen hanyar tiram ɗin na cikin gari, yake zuwa ya hau, layin mutane har ya gaji da tsawo. Ke ki tafi ɗaya ƙarshen, Campo de Ourique, wajen maƙabartar Prazeres, da sassafe. Nan za ki samu kujerar taga. Zai bi da ke ta Estrela, ya gangara Chiado da Baixa, ya haura ta gaban tsohuwar majami'ar Sé, sannan Graça. Tafiyar takan kusa awa guda in akwai cunkoso. Ki sayi katinsu na sufuri a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ki loda, don biya hannun direba ya fi tsada. Ta gaba ake shiga, ta baya ake fita.

Jaka kuma a rungume ta a ƙirji. 'Yan sane sun san wannan layin sarai, musamman bakin ƙofa lokacin turereniya.

Abin da ya ɗan taɓa ni shi ne, motar mutanen unguwa ce fa, da ita suke zuwa kasuwa da asibiti, baƙi mun cika musu ita. In kin ga dattijo ya shigo, ki sa yaran su tashi.

In ƙafa ta yarda, ku sauka a Portas do Sol, ku ga jajayen rufin gidaje sun gangara har bakin kogin Tejo, sai ku ƙarasa a ƙasa. Takalmi mara santsi fa, duwatsun titin nan sun goge. A gaida Kawu.