Shekara Biyar a Mataki Ɗaya

Tambaya: Likitar yara ce ni, ina koyarwa a jami'a. Shekara biyar ke nan ban wuce muƙamin lakcara mai daraja ta ɗaya ba, ga aikin asibiti ya sha kaina. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: 'Yar'uwa, kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga yaran da kika duba, takardun binciken da kika wallafa yake ƙirgawa. Nemi kundin ƙa'idojin jami'arku ki ga makin kowace takarda, musamman wadda sunanki ya zo farko. Kundin da kika rubuta na zama ƙwararriya, ciro takarda biyu daga ciki. Guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, masu tantancewa watsi suke da su. A ayyukan hidimar jami'a kuwa, bar wa wani kwamitin walima. Nemi kula da jarrabawar sashenku.