Ko Zan Iya Ciyar da Jatan Lande Mai Dambe da Ƙaguwar Rafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Samaru, ina kiwon jatan landen teku mai dambe, irin mai launin ɗawisu, a tankin gilashi mai cin lita 120. Tsawonsa ya kai santimita 12. Abincinsa na wahalar samu a nan, ga shi da damina yara suna kamo ƙaguwa a bakin rafi. Ko zan iya jefa masa ita da ranta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Za ka iya ba shi, amma jefi-jefi, kuma an fi so a kashe ta a daskarar kafin ta shiga tanki. Ƙarfin ƙaguwar ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ruwan da ta fito da kuma abin da za ta bar maka a naka ruwan.

Dangin wannan jatan lande iri biyu ne. Akwai masu suka, waɗanda hannunsu ke da ƙayoyi a jere kamar na ƙoƙi-ƙoƙi, suna laɓewa a rami cikin yashi su cafke kifi. Su ƙaguwa ba cimarsu ba ce. Akwai kuma masu naushi, waɗanda gwiwar hannunsu ta kumbura ta yi dunƙule kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe. Naka mai launin ɗawisu, wanda masana ke kira Odontodactylus scyllarus, yana cikin waɗannan. Asalinsa tekun Indiya da Pasifik, kuma yakan kai santimita 18. An auna saurin naushinsa ya kai kusan mita 23 a daƙiƙa ɗaya, har ruwan da ke gaban dunƙulen yakan yi kumfa ya fashe, abin da ya buga ya sha duka biyu a naushi guda. Ƙaguwa da dodon koɗi da sauran masu ɓawo su ne abincinsa a teku, kuma fasa ɓawon aiki ne da jikinsa ke buƙata. Saboda haka tunaninka bai kauce hanya ba.

Matsalar ita ce Zariya ba ta da teku. Duk ƙaguwar da za a kamo maka a Kubanni ko Galma ko wani kududdufi ta ruwan daɗi ce, galibi daga dangin Sudanonautes. Ruwan tankinka kuwa yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Da ka jefa ta, gishirin zai fara tsotse ruwan jikinta. In jatan landen na jin yunwa zai gama da ita nan take. In ya ƙoshi, sai ta lallaɓa ƙarƙashin dutse ta mace inda idonka ba ya kaiwa. Da ɗumin digiri 26, kafin kwana biyu mushen ya ruɓe, amoniya, gubar da ruɓewa ke saki a ruwa, ta tashi, ruwa ya yi hazo-hazo yana wari. Lita 120 ba ta da yawan da za ta shanye wannan. Ga kuma batun gina jiki: naman halittun ruwan daɗi bai kai na teku yawan irin kitsen da dabbar teku ke buƙata ba, don haka ba ya zama abincin kullum.

Abin da ya fi wannan muni shi ne guba, kuma a nan ya kamata ka fi tsayawa. Bakin rafukanmu duk lambu ne da fadama, tumatir da albasa da masara da rake, ana feshi rani da damina, ruwan sama na wanke shi zuwa rafi. Maganin ƙwari an yi shi ne don ya kashe ƙwari, jatan lande da ƙaguwa kuwa 'yan uwan ƙwari ne na kusa, jijiyoyinsu iri ɗaya suke aiki. Ɗan abin da kifi zai sha ya wuce lafiya shi ke kwantar da jatan lande. Haka jan ƙarfe, wato kofa, ɗan kaɗan ya ishe shi. Ƙaguwa a taɓo take kiwo tana cin duk abin da ya nutse, kuma dattin yana taruwa ne a wannan abu mai ruwan ɗorawa da ke cikin ƙoƙonta. Tana iya yawo garau alhali tana ɗauke da shi. Alamar guba a jikin naka ita ce ya riƙa tangaɗi, ko ya kife rigingine ƙafafu na karkarwa, ko ya fito daga rami ya kwanta a fili. In ya kai haka babu magani sai sauya ruwa mai yawa da sa gawayin tacewa, shi ma ba kullum yake ceto ba. Don haka kada ka karɓi ƙaguwar da aka kamo kusa da lambu, ko inda kwatar gari ke zuba, ko wurin wankin mota da babur. Ka tambayi yaran takamaiman wurin, in ya yiwu ka je ka gani da idonka. Ka kuma ja musu kunne kan shiga ruwa, saboda tsargiya.

In ka samu daga wuri mai tsabta, zaɓi ƙanana, waɗanda faɗin bayansu bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba ga dabba mai tsawon naka. Ka kifa kowacce ka duba cikinta: macen da ke rungume da ƙwai ko 'ya'ya a mayar da ita rafi, don ƙaguwar ruwan daɗi ba ta haihuwa da yawa. Mai baƙin tabo a ɓawo, ko mai sanyin jiki, a zubar. Sauran ka zuba su a bokiti mai murfi da huji, ruwan daɗi marar kulorin wanda bai wuce ya rufe bayansu ba, da dutsen da za su hau. Kada ka cika su, suna cinye juna, kuma gwanayen tserewa ne. Ka riƙa sauya ruwan kullum har mako ɗaya zuwa biyu. Wannan yana wanke hanjinsu, kuma mai ciwo ko mai guba da yawa takan mutu a bokitin maimakon a tankinka. Amma abin da ya riga ya shiga tsoka ba ya fita.

Daga nan sai firiza. A sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kwana 7 cur, akasarin tsutsotsi suna mutuwa. Sharaɗin shi ne ta zauna a daskare ba yankewa. In an ɗauke wuta ta narke ta sake daskarewa, lissafi ya rushe, naman ma ya fara lalacewa. Kuma ƙanƙara ba ta kashe guba. Ranar ciyarwa ka narkar da guda ɗaya a kofi da ruwan tanki, ka zubar da ruwan, ka buɗe ƙoƙon ka kwashe ɗorawar nan da hanji, ka miƙa masa awartakin da ƙafafu da ƙirjin da ɓawonsu. Zai samu abin fasawa. Da tsinken tsire mai tsawo ko matsefata za ka miƙa, ba da hannu ba, domin naushinsa na tsaga yatsa. Ka wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan haka, kada kuma kowa ya ɗanɗana ɗanye: irin wannan ƙaguwar ce ke ɗauke da tsutsar huhu da ke kama mutane, wadda aka fi sani a kudu maso gabashin Najeriya.

In ka dage sai mai rai, to ƙarama ɗaya tak, bayan ya kwana biyu bai ci ba, kana tsaye kana kallo. Minti 15 bai taɓa ta ba, ka tsame ta.

Akwai lokacin da ko kusa ba a yin wannan, wato lokacin saɓa. Za ka ga ya daina cin abinci, yana jan tsakuwa da ɓawo yana toshe ƙofar raminsa, ya ɓace kwanaki. Idan ya tuɓe tsohon ɓawo, jikinsa laushi yake kamar dafaffen ƙwai, dunƙulen ma bai yi tauri ba. A wannan halin ƙaguwar da jiya abinci ce yau ita za ta yage shi, kuma in ya yi naushi da ɗanyen hannu yana iya lalata shi. Kada ka tone ramin, kada ka cire saɓar, yakan cinye ta. In ya buɗe ƙofa da kansa, fara masa da nama mai laushi, mai ɓawo sai bayan mako ɗaya ko biyu.

Ciyarwa sau biyu ko uku a mako ta wadatar, ƙaguwar rafi kuwa sau ɗaya a mako biyu. Sauran ranakun ciyarwa ka ba shi ɗanyen jatan landen teku daskararre da ɓawonsa, an ɗauraye, ko ƙananan dodon koɗin bakin teku in ka dace da masu rai wajen masu kayan miyar kudu a Sabon Gari. Busasshen kirifish na miya kada ya shiga tankin: an ƙyafe shi da hayaƙi, wani kuma an yayyafa masa maganin ƙwari don ajiya.

Yana da ɗabi'ar jan abinci cikin rami, in ya gama ya watso ɓawon a ƙofa. Bayan awa biyu zuwa uku ka kwashe duk ragowar da kake gani, washegari ka auna ruwa. Amoniya da naitirait, gubar da amoniya ke rikiɗa ta zama, su zama sifili. In ɗayansu ya motsa, sauya kashi 20 cikin 100 na ruwan da wanda aka haɗa da gishirin tankin teku, ba gishirin miya ba, ka dakatar da abinci har awo ya koma sifili.