Allon ƙyalli a bayan hita: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna haya a wani tsohon gida a Manchesta. Kuɗin gas na neman ya fi ƙarfinmu, ga falon ba ya ɗumi sai hita ta daɗe a kunne. Maƙwabciyata ta ce in sayi allon nan mai ƙyalli da ake sakawa a bayan hitar bango. Maigidana kuwa ya ce asarar kuɗi ce, foyil ɗin kicin ma ya isa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki bi kowa, fita waje ki dubi jerin bulon gidan. Idan wasu a kwance suke da tsawonsu, wasu kuma kai kawai suka leƙo gajeru, to bangonku cushe yake, babu rata a tsakiyarsa. Haka aka gina yawancin gidajen Ingila kafin 1920. Irin wannan bango shan zafi yake yi ya miƙa wa titi, kuma wurin da ya fi sha shi ne daidai bayan hita. Nan allon yake da aiki: yana tare zafin ya mayar da shi ɗaki. Takardar EPC, wato shaidar yadda gida ke cin makamashi, da mai gida ya ba ku lokacin kama haya ma tana faɗin irin bangon.

Saboda haka ki saya, amma don hitocin da ke jikin bangon waje kaɗai. Wadda ke bangon da ya raba falo da ɗakin kwana ki ƙyale ta, zafin da ya ratsa ai cikin gidanku ya zauna. In kuma bangon mai rata ne an cusa masa abin riƙe zafi, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Maigidanki bai faɗi ƙarya ba. Foyil da aka naɗe a kan kwali, fuskar mai ƙyalli tana kallon hita, yana aiki. Sai dai yana yamutsewa, ya yage, ya dushe, kuma da ƙyallin ya tafi amfanin ya ragu. Na kanti irin su Radflek rataye su ake yi a ƙarafan da ke riƙe da hitar, babu gam babu ƙusa. Ga mai haya wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kada fenti ya ɓantare a zaftare muku kuɗin ajiya ranar tashi. Wannan duk maganar hita mai ruwan zafi ce. Kada ki cusa kwali ko foyil a bayan ta lantarki, gobara ba ta sallama.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne falon da ba ya ɗumi, domin allo shi kaɗai ba zai magance wannan ba. Yawancin zafin hita iska ce ke ɗaukarsa ta yi sama da shi, kaɗan ne yake bin bango. Idan hitar ta yi zafi, ki shafa ta da tafin hannu. Ƙasa zafi sama sanyi, to iska ce ta maƙale a ciki. Kashe boila, wato na'urar da ke dafa wa hitoci ruwa, bari hitar ta huce, ki sa ɗan makullin fitar da iska a kusurwarta ta sama, tsumma a ƙarƙashi, ki murɗa kaɗan. Za ki ji tana huci. Da ruwa ya ɗigo sai ki rufe.

Sannan ki duba labule. Mu da son dogon labule har ƙasa! In ya rufe hita, taga kike ɗumamawa, yara na rawar ɗari. Ɗage shi kan dakalin taga da dare, ki ja kujera gaba kaɗan, ki toshe ƙasan ƙofar waje. Idan boilarku kombi ce, wato mai dafa ruwa nan take ba tare da tankin ruwan zafi ba, rage zafin ruwan da take tura wa hitoci zuwa digiri 60, za ta ci gas ƙasa da yadda take ci yanzu. In hakan bai ɗumama falon ba a tsakiyar Janairu, ki ƙara kaɗan har sanyi ya wuce.