Yaya, ga asalin ifiritun da ka ji a falona

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida min Anti da yara.

Saƙon muryarka na ranar Lahadi sau uku na saurare shi, na farko da dariya, sauran biyun da nutsuwa, don na san ba wasa kake yi ba. Ka ce muna cikin waya ka ji ɗanka ya ƙwala ihu wai ya saki ifiritu, ka kuma hango 'yan gumaka jere a kan tebur, yara sun kewaye su. Ka tambaya ko mu da muka zo Ingila neman ilimi tsafi muka koma koya wa 'ya'yanmu. Ba ka yi laifi ba. Ni ma ranar da na fara jin abin sai da na ajiye ludayi na leƙo daga kicin.

Sai ka fara sanin yadda zamanmu yake a nan Bamingam. A watan Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu. Ba ƙofar gida, ba dandali, ba kaka mai tatsuniya. Shi ya sa gidajen Hausawan da ke kusa da juna muke yin karɓa-karɓa: duk Asabar in an taso daga Islamiyya sai a taru a gida ɗaya, mu iyaye mata muna kicin da kaskon masa, maza suna falo suna gyara Najeriya da baki, yara kuma suna nasu. Ƙananan suna wasan talabijin. Manyan sun fi son wani wasan tebur, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya zaɓi ko shi wane ne a ciki da jinsin da ya fito, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Gumakan da ka gani na roba ne, ba su fi ɗan yatsa ba, aikinsu nuna inda kowa ya tsaya.

Sunayen jinsunan ne suka tsaya min a rai, na tasa babbar 'yarka a gaba, tunda ita ce mai karatun harsuna, na ce sai ta faɗa min wa ya raɗa su. Ashe kusan duk aro ne.

Mafi yawansu sun biyo ta hannun mutum ɗaya, J.R.R. Tolkien, malamin tsohon Turanci a jami'ar Oksfod, wanda a garin nan ya tashi. Tsohon injin niƙan Sarehole da yake wasa a gefensa yana yaro har yanzu yana nan, mun taɓa kai yara. Shi ya rubuta The Hobbit a 1937, kuma ba daga kansa ya ƙago halittun ba, tsofaffin takardun kakanninsa ya tono. Kalmar orc, wato dakarun nan masu munin fuska da kullum su ake kashewa a wasa, ya tsinto ta ne a waƙar Beowulf, wadda kwafinta ɗaya tal ya rage, ya kai shekara dubu, yana ajiye a Landan. Abin da zai ba ka mamaki, a cikin waƙar an jera su da elf da ƙattai a matsayin zuriyar Ƙabila ɗan Annabi Adamu, wanda ya kashe ɗan'uwansa. Shi kuwa elf, da yanzu ake zana shi dogo kyakkyawa mai kunne kamar na zomo, mutanen Ingila na da tsoronsa suke ji. In ciwo ya soki mutum ko saniya ba dalili, sai su ce kibiyar elf ce, kamar yadda a gida ake cewa iska ta taɓa wane. Duk da haka suna sa wa 'ya'yansu sunansa: Alfred ma'anarsa shawarar elf. Wadannin nan masu gemu da gatari, sunayensu irin su Thorin da Fili da Kili, har da Gandalf, ya kwaso su ne a jere daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aislan mai suna Völuspá.

Inda 'yarka ta fi zaƙewa shi ne harsunan da ya ƙirƙira musu. Na elf guda biyu ne, ɗaya ya ɗora shi a kan amon harshen Finlan, ɗayan a kan na Wels. Na wadanni kuwa ya gina shi irin ginin Ibrananci da Larabci, baƙaƙe uku su haifi kalmomi da yawa. Mutanen Khazad, harshensu Khuzdul. Ta ce min, Mama, ai kamar kitab da katib da maktub ne. Na ce to ai littafin da ke hannunki ma daga nan ya fito. Ta yi shiru, don ba ta taɓa haɗa su ba.

Masu wasan tebur ɗin sun kwashi kayan Tolkien har sai da masu haƙƙin yin fim da kayan sayarwa daga littattafansa suka yi musu barazanar kotu a 1977, suka sauya hobbit, 'yan gajerun mutanen labarinsa, ya koma halfling. Daga nan suka bazama duniya. Kobold ɗan aljanin ramin haƙar ma'adinai ne a wurin Jamusawa, daga sunansa aka sami kobalt, ma'adinin nan da ake haƙowa a Kwango ana sa wa a batirin wayar da kake saurarona da ita. Rakshasa da naga na Indiya ne, oni na Japan, golem na Yahudawa.

Sai namu, ko in ce wanda muka yi tarayya da Larabawa a kansa. Ifiritu ai ka fi ni saninsa, yana cikin Suratun Namli, shi ne ya ce wa Annabi Sulaimanu zai kawo gadon sarauniyar Saba kafin ya tashi daga majalisarsa. Maridi yana cikin Saffati. Gul kuma na tatsuniyoyin Larabawa ne, mai zama a jeji da maƙabarta. Sun shiga Turai ne ta hanyar Dare Dubu da Ɗaya, wanda Bafaranshe Antoine Galland ya fara fassarawa a 1704. Da suka iso hannun masu wasa sai aka raba musu aiki yadda aka ga dama: efreeti na wuta, djinni na iska, marid na ruwa. Wannan rabon nasu ne, ba namu ba. Na faɗa wa yaran cewa Suratur Rahman ta ce daga harshen wuta aka halicci aljani, ba ta ware wani ta ba shi kogi ba. Ka tuna littattafan yaƙin da kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, masu maridai da takubban sihiri, waɗanda Baba ya taɓa kamawa? Rijiya ɗaya aka ɗebo.

A nan jama'armu ta rabu, ba zan ɓoye maka ba. Akwai gida biyu da ba sa barin 'ya'yansu su zauna a teburin. Ɗaya saboda hadisin da ya yi hani ga wasan nardi, ya ce ɗan lido ɗan lido ne ko ba kuɗi a kai. Ɗayan ya ce sunan aljani ba abin wasa ba ne, kada yaro ya saba kiran abin da ake neman tsari da shi. Ba wanda ya yi musu gori, in an zo gidansu ƙwallon tebur ake yi. Mu sauran mun tsaya a kan sharuɗɗa: ba kuɗi, ba bauta wa wani abin bauta ko da a cikin labari ne, kuma da an kira salla a nannaɗe taswira.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Akwai jinsin da ake kira drow. Sunan daga tsibiran Shetland da Orkney yake a arewacin Sikotlan, ɗan'uwan kalmar troll ne, wani dodon tatsuniyoyin arewacin Turai. Amma da aka zo zana su sai aka yi su baƙaƙe wuluk masu farin gashi, mazauna ƙarƙashin ƙasa, mugaye tun daga haihuwa, farare kuma su ne na kirki. Autata tana da shekara tara ta tambaye ni me ya sa. Na rasa amsar da zan ba ta a tsaye, sai da na zaunar da ita. Haka wasan talabijin na Zelda na 1998: mutanen hamada da ake kira Gerudo ɓarayi ne, tambarinsu jinjirin wata da tauraro, kuma a wani ɗakin wuta an sa sautin da aka yanko daga addu'ar Musulmi. Kamfanin Nintendo ya cire duka biyun a bugun baya. Su ma masu Dungeons & Dragons sun fito a 2020 sun amsa cewa yadda suke siffanta orc da drow ya yi kama da yadda aka daɗe ana siffanta wasu al'ummu na gaske, a 2022 kuma suka ce za su daina amfani da kalmar da Turawa ke rarraba mutane da ita ta launin fata. An gyara, amma sai da aka yi magana. Shi ya sa na fi son in san abin da ke kan teburin da in hana su je su yi a gidan da ba na gani.

Yanzu ga inda kai za ka shigo. Ɗan naka da ka ji yana ihu shi ne mai ba da labari a wata mai zuwa, kuma ya ce ya gaji da aron na wasu. Ya zana rijiyar Kusugu a tsakiyar taswira, da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ya sa Gizo a matsayin jinsin da ba shi da ƙarfi sai wayo. A kan Dodo suka maƙale. Wani ya ce yana da jela, wani ya ce gashi ne har ƙasa, ni kuma abin da na riƙe kawai shi ne yana haɗiye mutane da shanu, sai an farka cikinsa su fito. Don Allah in ka je gida ranar Juma'a ka zauna da Inna, ka kunna wayarka, ka ce ta yi maka ta Dodo tun daga gatanan gatananku har ƙurunƙus, da waƙar da ke ciki. Kada ka gyara mata Hausa, kuma kada ka ce mata don wasa ne.