Shamfen: sunan giya ne ko sunan wuri?

Tambaya: Malam, ina karatun aikin gona a Yamai. A darasin kare sunan amfanin gona an kawo mana misalin Shamfen. Ni ba ruwana da giya, amma ina son in gane: sunan abin sha ne ko na wuri?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan wuri ne tun kafin ya hau kan kwalba. Shamfen yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kewayen garuruwan Reims da Epernay, kuma gonakin inabinsa sun kai hekta kusan 34,000. Wurin akwai sanyi, ƙasar kuma alli ce a ƙarƙashi, sai inabin ya nuna da ɗan tsami, irin wanda giya mai kumfa ke bukata.

Sai da aka sha fama kafin sunan ya samu kariya. A 1911 manoman yankin suka yi bore, suka farfasa rumbunan 'yan kasuwar da ke shigo da inabi mai araha daga wasu wurare suna sayar da giyarsa da sunan Shamfen. A 1927 doka ta shata iyakar gonakin, a 1936 yankin ya samu tambarin AOC, wato shaidar asali da hukuma ke sa wa ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsananin ƙa'idar. Da hannu ake tsinkar inabin, ba a yarda da inji ba. Kilo 4,000 ba a matse fiye da lita 2,550 daga cikinsa. Bayan tsimin farko sai a zuba a kwalba, a ƙara sukari da yis, a toshe. A nan cikin kwalbar kumfar ke haɗuwa. Sannan a adana aƙalla wata 15, in kuwa inabin kaka guda ne, shekara 3.

Irin inabi uku aka fi nomawa: Chardonnay fari, da Pinot noir da Meunier baƙaƙe. Akasari gauraya su ake yi. Akwai ta farin inabi zalla, akwai kuma mai ruwan hoda. Wadda aka yi a wani yankin Faransa, ko da hanyar iri ɗaya ce, ba a kiranta Shamfen; da yawa daga cikin irinta Crémant ake kiransu.

Misalin bai yi maka nisa ba: albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar asali a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka. Ka nemi kundin ƙa'idojinsu, ka duba wa ke binciken gona da kasuwa, da hukuncin wanda ya ari sunan.